Baƙin da Ba Sa Shan Ruwa

Ƙarfe ɗaya na dare a Tudun Wada,
ruwa ya ɗauke, kwano yana ɗiga,
daga ni sai Nanret da shayin da ya huce.
Litinin za a buɗe rajistar taki,
manoman Bokkos da Mangu da Riyom
za su danna waya a sa'a guda.
Sabar tana kwance, ba ta san me ke tafe ba.

Ba ma a ɗakin nan take ba.
Haya muka kama mata a gajimare,
ba wanda ke rataye kan dutsen Shere ba,
wani ɗaki ne a ƙasar da ban taɓa takawa ba,
ana biyansa da awa, kamar injin ban ruwa.

Na ƙera baƙi ɗari.
Ba su da gona, ba su da dangi,
ba sa sallama, ba sa shan ruwa.
Su shiga, su rubuta suna, su ɗan dakata
kamar mai lalubar kati a aljihu.
Da gangan na koya musu dakatawar,
mutum ai yakan yi tunani kafin ya danna.
Amsa ta dawo kafin ƙiftawar ido.
Na rubuta a littafi: nan ne ma'aunin farko.

Babana Tanimu shekara ashirin
yana lodin tumatir a Farin Gada.
Bai taɓa tambayar direba ƙarfin mota ba.
Ya ɗora kwando, ya duƙa ya dubi sifirin,
ya ɗora wani, ya sake duƙawa.
Ya kan ce baki na sama, gaskiya na ƙasa.

Haka nake ƙari.
Ɗari biyar. Dubu. Dubu uku.
Gwajin nauyi ke nan: kayan da ake zato, a ɗora mata tun yau.

Nanret ta ce matsakaicin jinkiri ya yi kyau.
Na ce matsakaici munafuki ne,
yana haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ya ce kowa ya taɓa.
Duba min biyar ɗin ƙarshe cikin ɗari.
Ta duba. Daƙiƙa sha ɗaya.
A can tsohuwa take tsaye a kan tudu
tana ɗaga waya sama don ta kama layi.

Sai na sako dubu takwas a lokaci guda,
kamar an buɗe ƙofar filin ƙwallo.
Gajimare ya haifi sabobi, huɗu, shida,
layi bai ragu ba.
Ashe rumbun bayanai ƙofarsa ɗaya ce.
Komai girman gora,
ruwa ta wuya yake fita.

Muka matsa mata har sai ta faɗi,
don wanda bai san inda igiyarsa ke tsinkewa ba
bai san rijiyar da zai ja ba.
Dubu sha ɗaya da ɗari biyu, allo ya yi ja.
Nanret ta tafa.
Wa ke murnar faɗuwa?
Wanda ya faɗi a tsakar ɗaki, ba a kasuwa ba.
Ba wanda ya rasa buhu ko ɗaya.

Saura gwajin jimiri.
Mun faɗaɗa wuyan gora, mun bar mata dubu biyu
su yi ta shiga da fita har Lahadi,
yadda ake cika sabon tulu a kwana
a ga ko gindinsa zai jiƙe.

An kira assalatu, Nanret ta yi barci a kan kujera.
Kuɗin haya yana ta hawa, ban duba ba.
Waya ta yi ƙara, Goggo Asabe ce daga Mangu:
“Ɗan nan, ranar Litinin ɗin,
ƙarfe nawa zan danna?”